Torika Mai Shinshina a Ƙofar Tanki

Duk unguwarmu babu mai gaisawa da Torika bai fara tuna abin da ya ci jiya ba. Ba ta fara kallon mutum, hanci take fara miƙawa. Ta taɓa tare fastonmu a ƙofar coci ta ce masa, cikin ladabi, ya riƙa sassauta sigari, mutumin da ya shekara tara yana gaya wa jama'a ya daina. Ni kuwa Kwastan nake ce mata, saboda karnukan nan na filin jirgi da ke bin jakunkunan matafiya. Babu abin da za ta iya yi mini. Uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito, taubashiyata ce, duk abin da na faɗa dole ta haɗiye. Ga shi kuma Allah ya haɗa mu maƙwabtaka a nan bayan birnin Suva, fallen kwanon rufi ɗaya ne ya raba ɗakinta da nawa. In na yi atishawa ita ke ce mini sannu.

A babban asibiti take aiki, ɗakin tanki. A takarda mai shara da wanki ce. A zahiri kuwa babu mai shiga tankin nan, ko ɗan wane ne, sai ya bi ta ƙarƙashin hancinta.

Tankin wani ƙaton ƙarfe ne a kwance kamar na motar mai, da zagayayyar ƙofa, da benci biyu a ciki, da 'yan tagogin gilashi kamar faranti. A sa mutum, a rufe, a yi ta ɗura iska har ta danne shi yadda ruwa ke danne mai nutso, sannan a ɗaura masa takunkumi ya sha tsantsar oksijin. Tankin bai gusa ko taku ɗaya ba, amma ma'aikatan cewa suke an sauka, ana zurfin gaba takwas, ana hawowa. Kuma ba wasa suke ba. Don masu nutso aka kawo shi tun farko, waɗanda ruwa ya shanye wa jiki. Yanzu har masu ciwon suga da miki ya ƙi warkewa ake sakawa.

Inda oksijin ya taru, ƙyastawa ɗaya ta isa wuta ta tashi, ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai an sauke iskar a hankali. Shi ya sa ba a shiga da ashana, ba waya, ba agogo, ba takalmi, ba leda. Rigar auduga kawai, wadda Torika ta wanke da hannunta. Sannan ba a shiga da mai a jiki. To a nan rigimar take, don mu mutanen man kwakwa ne. A haifi jariri a shafa masa, amarya a shafa mata, mara lafiya a murza masa, gawa ma ba ma sa ta a tabarma sai tana sheƙi. Mutum ya fita da busasshiyar fata, ko bai faɗa ba an san ba shi da kowa. Kowane gida kuma da ƙamshinsa. Wasu furen mokosoi suke jiƙawa, mutanen yankin Bua itacen sandal, ni ɓawon lemo nake sawa don ba ni da haƙurin tsintar fure.

Saboda haka nas za ta yi wa matar mara lafiya bayani sau uku, matar ta ce ta gane, ta koma gida ta ɗan laƙaba wa mijinta a bayan kunne don kada a ce ta sake shi. Torika ce ke kama su. Za ta ce “tulou”, ta nemi gafara yadda ake yi in za a ratsa ta kan babba, sannan ta dulmiya hanci cikin gashin mutum. Kan da ko matarsa ba ta taɓawa a gaban jama'a. Akwai wani tsohon sufeton 'yan sanda da ta kora banɗaki sau uku a safiya ɗaya. Na ukun ya fito yana rawar sanyi ya tambaye ta ko ta san waye shi. Ta ce ta sani, kuma har yanzu akwai saura a tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ba haka kawai ta faɗa wannan aikin ba. Mijinta Sakiusa mai nutso ne a tsibirinmu, lokacin da 'yan kasuwa suka zo sayen dri, baƙar halittar nan mai kama da kokwamba da ke kwance a ƙasan teku. Na kusa suka ƙare, maza suka koma bin na zurfi da tiyon iska a baki, sau huɗu sau biyar a yini. Sakiusa kyakkyawa ne, ba zan ɓoye ba. Ni ma na yi masa fari da ido kafin Torika ta riga ni, har gobe ina tuna mata. Wata Laraba ya fito daga ruwa ya ce ƙafafunsa na masa kamar tururuwa na yawo. Kafin yamma ya kasa tsayawa. Jirgin ruwan da ya kawo su Suva kwana biyu ya yi a hanya, duk kwana biyun Torika na zaune a kansa da kwalbar manta mai mokosoi, irin haɗin uwarta, tana murza masa tun daga wuya har tafin ƙafa. Me za ta yi? Abin da aka koya mata ke nan.

Da suka iso likita ya kama hannunsa, hannun ya sulluɓe. Aka ba ta sabulu da bokiti aka ce ta wanke shi tas, in ba haka ba ba ya shiga. Awa guda tana dirzar mijinta, shi yana kallon silin. Daga baya likitoci sun yi ta gaya mata ba awa gudan nan ce ta kashe shi ba, kwana biyun ne. Ta ce ta ji.

Aka shiga da shi, da nas ɗaya namiji a ciki. Aka sauka gaba goma, aka daɗe, aka hawo gaba biyar aka tsaya, yadda tsarin yake. A nan numfashinsa ya ɗauke. Torika na tsaye a bakin taga tana ganin nas na danna masa ƙirji, tana dukan ƙarfen da tafin hannu. Tsakaninta da shi bai kai kamu biyu ba. Amma sai da aka hawo da su a hankali, saboda nas ɗin, shi mai rai ne.

Bayan an cika dare ɗari na makoki ta cire baƙaƙen kaya, muna zaune muna feraye gwaza, ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba: “Gawarsa suka hawo da ita. Shi babu wanda ya hawo da shi. Yana gaba biyar.”

Ba ta koma tsibiri ba. Ta je ta nemi tsintsiya a ɗakin tankin, aka ba ta. Tun daga ranar ba ta ƙara haɗa mai ba, ba ta ƙara shafawa ba. Fatarta fururu kamar ta ƙadangare, kuma ina gaya mata kullum, don kada ta manta.

Masu shiga tankin sukan fito da labari. In ana hawowa iskar ciki takan yi sanyi farat ɗaya, wani farin hazo ya cika wurin har ba ka ganin na kusa da kai. Likita ya ce haka iska take yi in an sassauta mata, ko kwalbar lemo ka buɗe za ka ga ɗan hayaƙin. Na yarda. Amma wata tsohuwa Ba'indiya daga Nausori, wadda ko a mafarki ba ta san Sakiusa ba, ta fito tana mita. Wai waye dogon nan da ke zama a bencin hagu ƙarƙashin taga, me ya sa shi aka bar shi ya shafa mai yana ta sheƙi, ita aka hana ta? Wani dattijo kuma ya ce da kunnensa ya fara ciwo, wani ya nuna masa da hannu ya toshe hanci ya hura, ya zo zai yi wa nas godiya nas ya ce shi bai tashi daga inda yake ba. In an kawo wa Torika irin wannan maganar, ninke rigunanta kawai take ci gaba da yi.

Ni kaɗai ta gaya wa maganar bencin. Kowace safiya ita ke fara shiga da ruwa da tsumma. A bencin hagu, daidai ƙarƙashin tagar da ta tsaya, akwai wani wuri da ruwa ba ya zama, sai ya dunƙule ya gangare, kamar an zuba a bayan agwagwa. Ta wanke da sabulu, gobe ya dawo. Na ce mata ai gara ita, ta san inda nata mijin yake wuni, ni nawa sai na bi gidajen shan yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, ɗaya bayan ɗaya. Ta jefe ni da ɓawon rogo.

Nawa mijin Nemani ne. Tare suka yi nutso da Sakiusa, kwale-kwale ɗaya. Da girma ya zo suga ya kama shi, kamar rabin mazan layinmu. Shekara uku da suka wuce ya taka wani tsohon kwano a bayan gida bai ma ji ba, sai da na ga jini a tabarma. Wata takwas mikin na ci. Na wanke, na ɗaure, na kai shi wankin asibiti, abin sai zurfi yake. Ƙarshe Dakta Sundar, likitan tankin, ya zaunar da mu ya ce hanya biyu ce. Ko a sa shi tanki sau talatin, wataƙila naman ya farfaɗo, ko a yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce wataƙila har sau biyu. Mu tankin kawai muka ji. Sai ya ƙara da cewa ba kowa tankin ke karɓa ba. Za a duba kunne, a duba suga, in mura ta kama shi a jira ta sake shi, sannan a kawo hoton ƙirji. In an ga aljihun iska a huhu, babu maganar shiga.

A motar komawa Nemani ya yi ta shafa haƙarƙarinsa na dama. Ni na san dalili. Tun muna tsibiri injin kwale-kwale ya taɓa faɗo masa a haƙarƙari, huhunsa na dama ya sace kamar ƙwallo. Aka soka masa tiyo a ƙarƙashin hammata, ya yi kwana goma sha biyu a kwance, aka ce akwai kumfar iska a saman huhun, ya bar nutso har abada. Takardun kuwa guguwa ta tafi da su tare da rufin asibitin. Da Dakta Sundar ya ga tabon ya tambaya, Nemani ya ce mashin kifi ne tun yana saurayi.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Mu ba ma ƙirƙirar suna, juya na kakanni muke yi. Ɗan ƙanen uban mijina shi ma Nemani ne, sunan gida ɗaya, shekara biyu tsakaninsu, hanci iri ɗaya kamar an buga da kwano. Mawaƙin coci ne, ƙirji kamar ganga, bai taɓa sa sigari a baki ba. Takardar ɗaukar hoton kuma ta wani wuri ce a cikin gari inda babu wanda ya san mu. Na ɗaure saiwar yangona na tafi gidansa, na zauna a ƙasa na miƙa, na roƙa yadda ake roƙo. A wurinmu in ɗan'uwa ya zo ta wannan hanyar ba a ce masa a'a. Matarsa 'yar Bua ta kalle ni ta kalli mijinta ta shige kicin. Ranar Juma'a takwara ya je ya ja numfashi ya riƙe, ya kawo mana ambulan a cikin rigarsa don kada ruwan sama ya taɓa.

Ban ɗauka cuta nake yi ba. Gani nake likitoci sun cika ƙa'ida. Mutumin da ya yi gaba ashirin a teku na gaskiya, mai kifaye masu cin mutum, me gaba takwas a cikin gwangwani za ta yi masa? In za mu yi maganar sai in ƙure rediyo saboda kwanon da ke tsakaninmu. Torika kuwa ta ci gaba da harkarta. Har miyar kifi da madarar kwakwa ta kawo mana ranar Lahadi.

Mako guda na hana shi mai, ni ma na hana kaina don kada in goga masa. Ranar Litinin da safe na wanke shi sau uku da sabulun wanki. Muka isa ɗakin tanki mu biyu fururu, na tura shi a keken marasa lafiya har gaban Torika.

“Kwastan, ga kaya,” na ce. “Yau hancinki zai wuni da yunwa.”

Ta ce tulou, ta sunkuya. Gashi, bayan kunne, wuya. Da ta zo hammatar dama ta ɗan tsaya a kan tabon, sannan ta wuce. Ta miƙa masa rigar auduga ta ce ya shiga ya canza, likita bai iso ba tukuna. Ni kuwa don in nuna mata na shirya, na zaro ambulan ɗin na ce ta ajiye wa likita. Ta karɓa. Ba ta buɗe ba. Ta dai kai shi kusa da fuska kamar mai kare rana.

“Yaushe kika koma sandal, Maman Kitione?”

Na ce a mota ne, wata mata ta zauna a kai.

“Har ciki ta zauna?”

Na yi dariya, dariyar ba ta fito daidai ba. Ta ce in cire takalmi in zo in kama mata bokiti. Ta shinshina hannuwana tukuna, kamar ba ta san ni ba, sannan ta sunkuya ta shiga ta zagayayyar ƙofar, na bi ta.

Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ciki fari ne, sanyi, takunkumai na rataye a jere kamar kawunan da ba su da jiki. Hayaniyar asibiti ta ɗauke kamar an sa mini auduga a kunne. Ni ba na iya shiru, sai na ce, “Sakiusa, tashi ka gaida tsohuwar budurwarka.” Muryata ta je ƙarshen tankin ta dawo mini siririya, kamar ba tawa ba.

Sai na ji ƙamshin. Ba ɓawon lemo ba, ba sandal ba. Mokosoi ne, amma ba na kasuwa ba. Haɗin gwaggona ne, uwar Torika, mai ɗan ɗaci-ɗacin nan a ƙarshe, wanda aka shafa mini ina jaririya aka shafa mini ranar aurena. Gwaggo ta daɗe a ƙasa. Torika kuma shekara goma sha tara ba ta taɓa kwakwa da niyyar mai ba.

Ta ɗebi ruwa a kofi ta tsiyaya a bencin hagu, tun daga farko har ƙarshe. Ƙarƙashin taga ruwan ya kwanta lafiya lau. Sai can ƙurya, jikin bango, ya dunƙule ya gangare.

“Ba nan kika ce mini ba,” na ce.

“Ba nan ba ne. Tun ranar Juma'a ya matsa.”

Na kalli filin da ya rage tsakanin ƙuryar da taga. Daidai zaman mutum ɗaya ne, mai faɗin kafaɗa.

Ta zauna a ɗaya bencin ta tambaye ni ko na tuna kifin zurfi in Baba ya jawo shi da sauri. Na tuna. Yana fitowa da tumbinsa a baki, idanu sun yo waje, tun kafin a taɓa shi da wuƙa. Ta ce sauka ba komai ba ce, kowa na iya sauka. Aljihun da ke huhun Nemani zai cika da dannanniyar iska, ya yi shiru. In an fara hawowa iskar za ta kumbura, ta nemi hanya ta rasa, ta yi wa kanta. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana jin tarin Nemani ta cikin kwano kowace safiya, kuma ta ga mutanen da mashin kifi ya soka, tabonsu ba haka yake ba.

“Ke kuma can za ki tsaya,” ta ce, ta nuna tagar. “Ta waje. In kin duba akwai inda fenti ya goge.”

“Za su yanke masa ƙafa, Torika.”

Ina jin ranar ce ta farko da na kira ta da sunanta tun muna 'yan mata.

“Za su yanke,” ta ce.

Sai ta gaya mini abu biyu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na farko, ranar da ta wanke Sakiusa ba ta wanke shi duka ba. Ta bar ɗan kaɗan a ƙeyarsa, ƙarƙashin gashi, gwargwadon babban yatsa, don kada mijinta ya shiga wurin baƙi a bushe. Wuta ba ta tashi ba. Amma da ta fara aiki ta fahimci abin da ta yi, ta ga nas ɗin nan da ya danna masa ƙirji yana wucewa da 'yarsa a kafaɗa, sai da ta shiga banɗaki ta yi amai.

Na biyu, ita ma ta nemi shiga. A shekararta ta biyu ta roƙi likitan wancan lokacin ya bar ta ta sauka sau ɗaya tare da marasa lafiya, ko don ta riƙe musu ruwa. Ya ce ta kawo hoton ƙirji. Aka ga ramin da tarin fuka ya bar mata tun tana yarinya. Aka ce ita da tanki sai dai shara.

“Kin ɗauka ke kika fara wayo?” ta ce. “Ni ma ina da takwara a garin Lami, huhu kamar na doki. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidanta da yangona a jaka.”

Na tambaye ta me ya dawo da ita. Ta ce ai ba ita kaɗai za ta sauka ba. Wani ne zai danna mata ƙirji, wani kuma ya tsaya a taga.

Ta miƙe ta ɗauki bokitinta, ta ajiye mini ambulan ɗin a cinya. Ta ce ita mai shara ce, hanci ba takarda ba ne, babu likitan da zai karanta shi. Ta fita ta bar ni. Ban san minti nawa na yi a zaune ba. Ban ga kowa ba, kada wani ya ƙara mini gishiri. Ruwan da ke bencin dai yana ta ɗiga ƙasa, ƙamshin bai tafi ba, kuma ban iya juya wa ƙuryar nan baya ba. Da baya da baya na fito.

Dakta Sundar ya iso yana goge tabarau. Nemani na zaune a kekensa cikin farar riga, ya yi tsaf kamar mai zuwa baftisma. Wasu mutum uku masu shiga tare da shi na jira. Likita ya miƙo hannu. Na miƙa masa, amma ban saki ba.

“Likita, wannan ƙirjin ba namu ba ne. Aro ne.”

Ban kalli Nemani ba, amma na ji kallonsa a gefen fuskata kamar an kara mini dutsen guga. Likita bai yi faɗa ba. Ya nemi kujera ya zauna tukuna. Ranar aka ɗauki sabon hoto a nan cikin asibiti, ya ɗaga mana a fitila, ya zagaya da biro wani baƙin wuri a sama ta dama, girman ƙwan kaza. Ya ce da an fara hawowa, yana jin ba za a kai gaba biyar ba. Torika na gefe tana ninke riguna. Ta ce, kamar da rigunan take magana, za a kai.

Kwana tara bayan nan aka yanke ƙafar. Nemani ya yi wata biyu ba ya ce mini komai sai miƙo gishiri. Torika kuwa shekara guda cur bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma kowace safiya sai ta gaishe shi ta cikin kwano, ta jira, ta ce to madalla, kamar ya amsa. Yanzu yana nan ƙarƙashin mangwaro yana gyaran koma da ƙafarsa ta roba, yana yi wa yara ƙaryar kifi ne ya cinye ta. Dungulmin kuwa ina shafe shi da mai kowace safiya har sai ya yi ƙyalli, babu mai hana ni.

Na taɓa tambayar Torika, da na miƙa ambulan ɗin na yi shiru fa, da gaske za ta bar shi ya shiga? Ta laluba aljihun rigar aikinta ta fito da wata 'yar kwalba. Na buɗe, ɓawon lemo. Man kicin ɗina ne, ta sace ranar Lahadin da ta kawo miya. Ta ce da ta ce tulou ta tsiyaya masa a ka, yau da gobe da jibi, har in gaji. Na ce ashe Kwastan ma na sata. Ta ce kayan da aka kama ba sata ba ne.

Wurin bencin kuma, ta ce tun yammacin ranar ya koma ƙarƙashin taga.

Bana za ta ajiye aiki. Watan jiya muna wankin kwanuka ta ce mini ya sake matsawa. Ta bi takardun masu shiga ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina ambulan ɗin kowa, babu ƙirjin aro. Na ce wataƙila ya gaji da taga ne, namiji ai ba ya zama wuri ɗaya. Ba ta jefe ni da komai ba. Yanzu ni ce nake jin tari ta cikin kwano da safe, kuma ba daga ɗakina yake fitowa ba.

Washegari na hau mota na tafi Lami, na nemo takwararta, na gaya mata in wani ya zo mata da yangona, ko waye, ta rufe ƙofa ta ce ba ta nan, in ba haka ba ni da ita ne. Matar ta ce ai babu wanda ya zo. Na ce na sani, shi ya sa na riga shi.

Da na dawo Torika ta leƙo ta tambaye ni ko na iya haɗin uwarta. Na ce me za ta yi da mai, ita da ƙadangaru suka ɗauka shugabarsu. Ta ce tambaya kawai ta yi. Na goge kwakwa goma sha biyu, na tsinto mokosoi da kaina, ni da ba ni da haƙurin fure. Kwalbar na kan rufina tana shan rana, yau kwana uku. Ban gaya mata ba. Ɗazu ta buga kwano ta ce furen ya yi kaɗan.